Simintin da Na Fasa Saboda Inna

Assalamu alaikum. Sunana Garba, a Yelwan Yawuri an fi sanina da Garba Birkila. Karatuna a aji shida ya tsaya, don haka mai neman Hausar makaranta ya yi haƙuri. Abin da ya same mu zan faɗa, don kada wani ya maimaita wautata, kuma don murna ta cika min ciki, in ban amayar da ita ba ban san yadda zan yi ba.

Inna, mahaifiyata, mutuniyar bakin ruwa ce. A wani ƙauye kusa da Wara ta yi rayuwarta, inda in ka fito daga ɗaki tafkin Kainji ne a gabanka. Da mahaifinmu ya rasu na ɗauko ta na kawo ta gidana. Ni ne ɗan fari, shi ya sa ba ta kiran sunana, Magini take ce min. Kafin ta iso na yi mata abin da na ɗauka gata ne. Akwai gwaiba da wani tsohon lalle a tsakar gida, na sare su. Na zuba siminti tun daga bakin zaure har ƙofar bayi, na goge shi da hannuna har yana ƙyalli. Na ƙara wa katanga layi huɗu na bulo. Duk wanda ya shigo sai ya ce, wannan aikin Garba ne. Inna ta shigo, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ce, "Wanga gida na ko faranti?" Na yi dariya, a tunanina yabo ne.

Ciwon ya fara a hankali, shi ne mugun abin. Sai ta riƙa karo da abin da ke gefenta. Ta ture buta, ta taka kaza, ta bugi kafaɗa da ƙyaure. Abin da ke gabanta tana gani sarai, har zare take sa wa allura. Ta ce min kamar ana sa ta leƙen duniya ta bakin tulu, kuma kullum bakin yana ƙara matsewa. Wani lokaci kanta ya yi ciwo, in ta dubi ƙwan lantarki ta ga ya yi zobe. Na ce tsufa ne. Kowa ya ce tsufa ne.

Da abin ya yi wata biyu masu shawara suka taso. Ƙanwata Kulu, da ke aure a Wara, ta ce yana ce ta rufe idon, kuma ta san wani mutum da ke bin kasuwanni da jakarsa yana cire yana a zama ɗaya. Ƙanena Nasiru, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya bugo waya ya ce a kai ta asibiti mai kyau, ya kashe wayarsa. Wane asibiti, da wace mota, bai faɗa ba. Shi dai ya sauke nauyinsa. Ni kuma a lokacin ina da aikin gini a hannu, ba na son in rasa kwana biyu a layin asibiti. Na ce a kira mai jaka.

Ya zo ranar kasuwa. Ya ɗiga mata wani ruwa mai zafi, ya fito da wani ƙarfe siriri kamar allurar ɗinkin buhu, ya taɓa idon hagu da shi. Ni na riƙe mata kai. Wannan zan faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba: da hannuwana biyu na riƙe kan uwata aka lalata mata ido. Ya ce kwana bakwai za ta ga jinjirin wata. Kwana uku idon ya kumbura ya yi ja kamar gauta, a kwana na bakwai ko rana ba ta gani da shi. Mai jaka kuwa har yau ina duba fuskokin mutane a kasuwa, ban sake ganinsa ba. Allah Ya haɗa mu.

Sai a sannan na kai ta asibitin garinmu. Suka wanke idon, suka ba mu takarda suka ce mu wuce babban asibiti, can akwai likitan ido. Na sayar da babur ɗina muka tafi. Mun isa ana fitowa sallar asuba, amma mun tarar da mutane sun cika benci har ƙasa. Mai ba da kati ya zo da hantsi, ya karya kumallo a gabanmu, ya amsa waya, sannan ya ɗaga kai. Ranar ba mu ga likita ba. Washegari bayan azahar aka kira mu.

Likitan yaro ne, bai kai Nasiru ba, amma ya san aikinsa, kuma ya gaishe da Inna har ƙasa. Ya haska, ya auna. Sannan ya faɗi wata kalma da ta zauna min a kai har yau: gilakoma. Ya ce ba yana ba ce. Ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiya har ta mutu, kuma jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Na hagu ya tafi. Na dama saura ɗan haske, ya ba da maganin ɗigawa don kada ciwo ya dame ta, amma ya ce kada in sa rai. Ya ce da bara muka zo, da yanzu tana ganin jikokinta. Ya kuma ce ciwon yana bin jini, ni ma in zauna a duba ni. Na ce ba ni na zo ba. Ya ce, "Ita ma bara ba ita ta zo ba." Na zauna. Yanzu ni ma ina ɗiga magani safe da yamma, kuma duk wanda ya haura arba'in a gidanku ku tura shi a auna masa ido, ko yana ganin allura a ƙasa.

Kafin wata ya ƙare sauran hasken ya ɗauke. Kulu ta zo ta zauna da mu sati uku. Ita ke riƙe hannun Inna ta kai ta bayi, ta kai ta wurin alwala, ta dawo da ita. Inna tana ci, tana sha, har tana yi wa Kulu faɗa a kan gishirin miya. Na ce to, an rasa ido amma an tsira da rai. Mijin Kulu ya aiko, ta koma. Jinya ta dawo hannun matata Hajara.

A nan ne ciwo na biyu ya shigo, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Bazara ce, irin zafin Yawuri da ko ƙadangare ba ya hawa katanga. Sati na farko bayan tafiyar Kulu, Inna ta yi shiru. Sati na biyu leɓenta ya tsage, fatar hannunta in ka ja ba ta komawa. Ta fara kiran mahaifinmu tana tambaya ko ya ɗaure jirginsa a bakin ruwa. Hajara ta ce min fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi, kuma sau ɗaya take fita a yini. 'Yan uwa suka ce mutanen ruwa ne suka biyo ta, don an raba ta da tafki. Aka kawo rubutu a kwano. Inna da na sani ba ta taɓa barin ɗigon rubutu, amma ranar leɓe kawai ta jiƙa ta ture kwanon. Ko wannan bai sa na gane ba. Kwana biyu bayan haka ta faɗi a kan dardumar sallah.

Muka koma asibitin garinmu, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Likita ya ce ƙodarta ta gaji, jikinta ya bushe. Ya ce in aka sake yin haka, sai dai maganar wankin ƙoda, kuma ya dube ni daga hula zuwa takalmi bai ƙara komai ba. Na gane, kuɗin ya fi ƙarfina.

Akwai wata nas dattijuwa a ɗakin, mai kaushin baki irina. Ban tambayi sunanta ba, abin da ke damuna ke nan. Ta ja ni waje ta ce, "Kai ne ɗanta?"

Na ce ni ne.

"Wa ke kai ta bayi a gida?"

"Matata."

"Da can fa?"

"Ƙanwata, amma ta koma ɗakinta."

Ta ce, "To kai da girmanka ba ka ga ciwon ba? Tsohuwa ba ta son matar ɗanta ta ja ta zuwa bayi ta tsaya mata a ƙofa. Kai kuma ba ka isa ka kai ta ba. Sai ta daina shan ruwa don kada fitsari ya kama ta. Ba ita ce ta farko ba a gadon nan. Ba ido zai kashe ta ba, kunya ce."

Na tsaya kamar an kwaɗa min bulo a ƙeya. Hajara ba ta taɓa ɓata mata rai ba, Allah Ya sani, ita ma kuka ta yi da na faɗa mata. Ba laifin kowa ba ne. Inna dai ta zaɓi ƙishirwa a kan a ja ta.

Na roƙi mijin Kulu, ya ce ya ba mu ita sati uku, ba ƙari, don shuka ta kusa. Sati uku ke nan a hannuna in samo yadda Inna za ta kai kanta bayi, taku ashirin da biyu daga ƙofarta. Na ƙirga.

Na ɗaura igiya daga ƙyaurenta zuwa ƙofar bayi. Ta shafa ta, ta ce, "Akuya ka mai da ni?" Na sassaƙa mata sanda mai kyau, ta ce ba ta fara bara ba tukuna. Na sayo fo na roba a ajiye mata a ɗaki, ta ce, "Wa za shi hidda shi? Ɗiyar mutane?" Nasiru ya bugo ya ce a gina mata bayi a cikin ɗaki irin na otal. Na ce ya turo kuɗin bulo, ya ce layi ba kyau, ba ya ji na.

Kwana huɗu suka tafi a haka. A rana ta biyar bayan azahar na zauna a bakin ƙofarta raina a ɓace, na ce, "Inna, a can ƙauye ai ba lantarki. In wata bai fito ba, yaya kike zuwa bayi?"

Ta ce, "Mi za ni yi da hitila cikin gidana? Gida shina magana, Magini. In na hito, ɗoɗɗoya ta taɓa mani zane, in ji ƙanshinta, na san ina bakin ƙohwa. Ga hannun dama ayaba na kaɗa kunne. Can gaba gamba na ta shuu, nan bayi yake. In lalle ya buɗe, na san magariba ta yi kusa ko ba a yi kira ba. Naka gida bebe na. Ka toshe mashi baki da siminti, ko'ina ɗaya, in na taka ban san gabas ba ban san yamma ba."

Na tashi na shiga zaure na ɗauko babbar guduma.

Hajara ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Ummi, lafiya?"

Na ce lafiya lau, na ɗaga guduma na sauke a kan simintin da na yi sati biyu ina gogewa. Wallahi daɗin da na ji a bugun farko ban ji shi ranar da na zuba shi ba. Na fasa ramuka bi da bi a gefen hanyar da za ta bi, na bar tsakiya sumul don kada ta yi tuntuɓe. Ƙasa ta fito baƙa, da sauran saiwar gwaibar da na kashe.

Amma mai ido wawa ne a wannan aiki, ni na gaya muku. Washegari na tafi wurin mai sayar da furanni a bakin titi, na zaɓo masu kyau, ja da rawaya, irin na ƙofar banki. Na kawo wa Inna ɗaya ina washe baki. Ta shinshina, ta murza, ta sake shinshinawa.

"Wanga takarda ta?"

"Fure ne, Inna. Ja ne, kyakkyawa."

"Ja? To kai wa mai ido."

Na mayar wa mutumin, ya ƙi karɓa. Suna nan a ƙofar maƙwabcina, awaki sun gama da su.

Daga ranar na canja dabara. Na ari ɗankwalin Hajara na ɗaure idona, na ce duk abin da ban gane shi a haka ba, ba zai shiga gidana ba. Na yi yawo a tsakar gida na bugi turmi da ƙwauri har jini ya fito. Maƙwabcina Malam Isa, dillalin albasa, ya leƙo ya ce, "Garba, kai ma abin ya kama ka, ko sabuwar sana'a ce?" Da na yi masa bayani ya ce, "Ƙanshi kake nema a Yawuri? Jera mata albasa, ko daga garin Shanga za ta gano gidan." Na ce in ya sake magana zan dasa shi a ramin.

Na bi gidajen mutane ina roƙon dashe. Ɗoɗɗoya a gidan wata tsohuwa, na'ana'a wurin mai lambu a bakin kogi, ciyawar shayi a bayan wani shago, ƙaramin lemun tsami a tukunya. In na je sai in rufe ido in murza ganye in shinshina, mutane suna kallona. Ban damu ba, don wani abu ya buɗe min. Shekara hamsin ina wuce waɗannan abubuwa ban san kowane da halinsa ba. Ɗoɗɗoya ba ta magana sai an taɓa ta. Na'ana'a ko ruwa ya ɗiga mata sai ta tashi. Ciyawar shayi sai rana ta dake ta take sakin ƙanshi. Na dawo gida ina ta yi wa Hajara bayani kamar malamin gona, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa jin na yi magana mai tsawo haka ba zagi a ciki ba.

Kuskure na biyu, na jera su duka wuri ɗaya a ƙofar Inna don ta ji daɗi. Kulu ta fito da ita, ta tsaya, ta ce, "Kasuwar 'yan yaji ka kawo mani? Wane ka cewa ina nike?" Nan na gane kowane wuri da ƙanshinsa guda ɗaya, kada a haɗa. Na tone su. Ɗoɗɗoya ta zauna a ƙofar ɗaki, daidai inda zanenta zai goge ta. Na'ana'a ta koma gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Ciyawar shayi a kwanar da ake juyawa hagu. Lemun tsami na sa a ƙofar bayi, kwana ɗaya ya yi, ƙayarsa ta yage ta a hannu, na fitar da shi. Duk mai ƙaya, komai ƙanshinsa, a nisanta shi da hanya.

Saura abin da zai kira ta daga nesa, don hanci ba ya jin taku ashirin. Sai na shiga mota zuwa Wara, na nemi Baba Manu, tsohon masunci, aminin mahaifinmu. Ya sa ni a jirginsa muka bi gaɓar tafki. Duk inda muka ga ciyawa sai ya ɗaga filafili ya ce, "Rufe ido, ɗan Audu. Mi ka ji?"

Jama'a, ashe ciyawa ba murya ɗaya gare ta ba. Gamba tana shuu, a hankali, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Kyauro siririyar murya gare shi, kamar mai yin fito ta tsakanin haƙora, kuma ko iska kaɗan ce sai ya motsa. Ayaba faɗa-faɗa take yi, kamar wanki a kan igiya. Na ce a ba ni rake, na ji yana da amo, Baba Manu ya ce, "Ganyenshi wuƙa na, so kake ka yanka ta?" Ina zaune a jirgi, ƙato da furfura, ido a rufe, ina ta dariya ni kaɗai. Ya nuna min yadda ake tono: da yamma, da ƙasarta, a naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, a rage kan kaɗan kawai don kada ta yi shiru. Muka biya tsohon gidanmu. Rufin ɗakin Inna ya faɗa, amma lallenta na nan da ransa. Na tono shi da saiwarsa, na rungumo shi a mota har Yelwa, kwandasta yana ta mita.

Na dasa gamba da kyauro a ƙofar bayi, ayaba a tsakiyar hanya ta hannun dama, lalle a inda take shimfiɗa darduma, ɗan nesa da inda hannu zai kai. Hajara ta ce ciyawa a gida kiran maciji ne. Gaskiyarta ce, don haka kowane tushe na bar shi a raminsa shi kaɗai, siminti kewaye da shi, ina share gindin kullum. Kajinta suka tone na'ana'a sau biyu. A na uku muka ci dambun kaza.

Safe da yamma ina ban ruwa. Ayaba ta langaɓe ta miƙe, lalle ya zubar da ganye har na cire rai, sai ga toho. Saura kwana biyar Kulu ta tafi, na ɗaure ido na tsaya a ƙofar Inna ina saurare. Shiru. Ko motsi babu. Na fita waje, iska na kaɗa rigata. Na dawo ciki, tsit. Na daɗe ina kallon sama kafin na gane: katangata ce. Layi huɗun da na ƙara don a ce Garba ya iya gini, su suka tare iskar da ke tasowa daga kogi. Na hau tsani na cire bulo na ɓangaren yamma, na sa mai huji-huji a madadinsu, tun daga daidai ƙugu har sama. Ina cire na ƙarshe iska ta shigo ta bugi fuskata, gamba ta amsa a bayana. Saura kaɗan in faɗo daga tsani don murna.

Kwanakin da suka rage Kulu ta riƙa bi da ita hanyar, amma Kulu ba ta iya sakin hannu. Da Inna ta karkata sai ta cafke ta. Har ranar da ta hau mota, Inna ba ta taɓa yin taku ashirin da biyun nan ita kaɗai ba.

Washegarin tafiyar Kulu ban je aiki ba. Da safe Hajara ta kai mata koko da ruwa a moɗa. Ta sha koko cokali uku, ruwa ko taɓawa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, moɗa na nan yadda aka ajiye ta. Garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, zafi kamar a gidan burodi. Na zauna a zaure ina kallon ramukan da na fasa, ina jin maganar likita a kunnena. Na ce a raina, Garba, ka lalata ido, ka lalata siminti, yanzu ka cika gida da ciyawa kamar mahaukaci. Hajara ta zo ta ce ko ta je ta yi mata magana. Na ce kada wanda ya je. Na ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ana idar da la'asar iska ta taso. Kyauro ya fara, siriri, sannan gamba ta ɗauka, ayaba ta shiga faɗa-faɗa. Na ga labulen Inna ya motsa. Na cire takalmi don kada ta ji ni.

Ta fito ta tsaya. Zanenta ya goge ɗoɗɗoya, na ga ta ja numfashi. Ta karkata kai kamar mai jin ana kiranta daga wani gida. Ta ɗaga ƙafa. Ina ƙirgawa a zuci. A taku na tara ta kauce dama, ta nufi turmi, na miƙe tsaye, na toshe bakina da hannu. Ganyen ayaba ya shafi kafaɗarta. Ta tsaya, ta kama shi, ta ce masa wani abu da ban ji ba, ta gyara hanya. Ta kai ciyawar shayi, ta juya hagu. Ta miƙa hannu gamba ta shige tsakanin yatsunta. Ta shiga bayi ta ja ƙofa.

Ba ta daɗe ba, don ba abin da ya kai ta, hanyar ta je gwadawa. Ta fito, ta biyo ta a hankali. Amma ba ta koma ɗaki ba. Ta bi ƙanshin na'ana'a har gindin randa, ta lalubo faifai ta buɗe, ta tsoma moɗa. Ta tsuguna ta yi bismillah ta sha. Ina jin sautin ruwan yana wuce maƙogwaronta daga zaure. Ta sake ɗiba ta shanye. Ta ɗebi na uku ta zuba wa na'ana'a rabi, ta sha rabi.

Sannan ba tare da ta juyo ba ta ce, "Magini, bar laɓewa, tun ɗazu nike jin warin siminti. Wagga randa taku ƙarama ta. A sawo babba."

Hajara ce ta amsa daga bayan ƙyaure, ashe ita ma leƙe take yi.

Yau wata huɗu ke nan. Mun koma an auna ƙoda, likita ya ce ta farfaɗo. Yanzu ko iska ba ta kaɗa ba ƙafarta ta haddace hanya, amma ta hana a taɓa ko ganye ɗaya. Lallen ya yi fure, kuma da gaske ne, in ya buɗe tana riga ladan sanin magariba. Nasiru ya zo da sallah ya ɗauki hoton gamba, ya ce a ƙasashen waje ma ana yi wa makafi irin wannan lambu, har suna gare shi, dama yana shirin ya gaya min. Na ce Allah Ya saka da alheri.

Ina gode wa Allah. Ina gode wa nas ɗin nan da ban san sunanta ba, da Baba Manu, da Kulu da mijinta, da Hajara wadda ta yi haƙuri da mu duka har da rashin kajinta. Mai jaka ban yafe masa ba, kaina ma ban gama yafe wa ba. In kuna da tsoho a gida da ido ya tafi, kada ku tsaya ga tambayar ko ya ci. Ku duba moɗarsa, ku kuma duba wa ke kai shi bayi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri.

Randar kuwa na sayo, mafi girma da na samu a kasuwar Yelwa, sai da mutum biyu suka kama min. Sau biyu nake cika ta a yini, kuma jiya Inna ta aiko Hajara ta gaya min ruwan ya ƙare tun azahar.